Ƙasa Ba Ta Ajiye Kowa da Kowa: Darasi Daga Ƙasusuwan Gadufawa, Ingal da Sakkwato

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau a shirinmu na kimiyya da muhalli, ƙarƙashin ƙasa za mu leƙa. A Najeriya da Nijar akwai wurare uku da suka yi suna a wajen masana ilimin duwatsu na duniya, saboda ƙasusuwan dabbobin dā da suka daɗe a binne har suka zama dutse. Na farko Gadufawa, a hamadar Tenere, kudu maso gabashin Agadas. Na biyu kewayen Ingal, yamma da Agadas. Na uku ƙasar Sakkwato, daga Goronyo da Wurno har zuwa Dange.

Wanda ya je Gadufawa zai tarar da haƙoran kada, ɓawon kififiya, ƙashin kifi da guntayen manyan dabbobi barbaje a kan yashi. Wanda ya je Ingal yana iya tarar da ƙatuwar dabba kwance kusan cikakkiya, gaɓa na bin gaɓa. A Sakkwato kuwa haƙoran kifin teku ne da ƙasusuwan ƙadangarun ruwa, dabbar tudu sai an sha wuya kafin a ga guntunta.

Ruwa ba ya tsami banza. Wani ɓangare na dalilin shi ne zamani, domin dabbobin nan ba lokaci ɗaya suka rayu ba. Ɗaya ɓangaren, wanda shi za mu tsaya a kansa yau, shi ne wurin da gawa ta kwanta: cikin kogi ne, ko fadama, ko teku, ko tafki, ko gindin tudun rairayi. Ƙasa kamar rariya take, tana riƙe wani abu tana zubar da wani, kuma kowane wuri da girman idon rariyarsa. Wanda ya ƙirga ƙasusuwa bai san irin rariyar da ta tace su ba, zai yi wa tarihi mummunar fahimta.

(Kiɗa kaɗan)

Bari mu fara da abin da kowane makiyayi ya sani. Saniya ta faɗi a daji lokacin bazara. Kafin rana ta faɗi ungulaye sun sauka. Da dare kura ta zo, ta fasa ƙashin cinya don ɓargo, ta ja ƙafa ɗaya zuwa raminta. Karnuka da diloli su kwashi rabonsu. Abin da ya rage rana ta dake shi, ya yi fari, ya tsattsage. Garke ya bi ta kai ya tattake, gara ta ci ta ƙarƙashi, damina ta zo ta jiƙa shi. Bayan wasu shekaru ko alama babu.

Wata masaniya 'yar Amurka, Anna Behrensmeyer, ta mayar da wannan sanin makiyaya ya zama bincike. Daga shekarar 1975 ta riƙa bibiyar gawarwakin namun daji a gandun Amboseli na ƙasar Kenya, tana komawa kansu shekara bayan shekara. Ta gano cewa ƙashin da aka bari a fili yakan ruguje cikin shekara 10 zuwa 15 a mafi yawan lokuta, kuma na ƙananan dabbobi ya fi na manya saurin ɓacewa. Ashe ƙa'idar duniya ita ce dabba ta mutu ta shuɗe ba ta bar komai ba. Wadda ƙashinta ya zama dutse ita ce bare.

Sharaɗin kuwa ɗaya ne babba: a rufe gawar da wuri. Yashi ko laka su lulluɓe ta kafin kura da rana su gama da ita. Daga nan ruwan da ke ratsa ƙasa, ɗauke da ma'adinai, ya riƙa shiga ƙananan ƙofofin ƙashin yana cika su, har ƙashin ya yi nauyi ya taurare. Wannan kuwa ba ko'ina yake samuwa ba. Doron duniya iri biyu ne: akwai inda ƙasa ke zaizayewa, kamar kan duwatsu da tuddai, akwai kuma inda take taruwa, kamar kwarin kogi, fadama, tafki da gindin teku. A wuri na biyun ne kawai ake binne gawa ta daɗe. Nazarin wannan tafiya, tun daga mutuwar dabba har zuwa ranar da aka tono ta, fanni ne mai zaman kansa, wanda wani masanin Rasha, Ivan Efremov, ya raɗa wa suna tafonomi a 1940.

To, mu nufi Gadufawa.

Masu neman ma'adinin yuraniyom 'yan Faransa ne suka fara kai labarin wurin ga masana, ko da yake Abzinawa masu ratsa hamada sun daɗe da saninsa. Daga 1965 wani matashin masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya soma aiki a can. Daga baya, a 1997 da 2000, ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya biyo baya. Dutsen da ke Gadufawa daskararren yashi ne, kuma in ka duba gefensa za ka ga shimfiɗu a karkace, wata na hawa kan wata, irin zanen da ruwa mai gudu ke bari a tsibirin yashi. Wannan ya nuna cewa kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, bisa ƙiyasin masana, manyan koguna ne ke malala a inda yau babu ko ɗigon ruwa.

Me kogi ke yi wa gawa? Abu na farko, rarraba ta yake yi. A 1969 wani masani a Amurka, Michael Voorhies, ya gwada abin da idonsa. Ya zuba ƙasusuwan tumaki da na wani irin dila a cikin magudanar ruwa ta gwaji, ya saki ruwa yana kallo. Haƙarƙari da gaɓoɓin ƙashin baya su suka fara tafiya, saboda ba su da nauyi. Dogayen ƙasusuwan ƙafa suka riƙa mirginawa a hankali ta ƙasa. Ƙoƙon kai da muƙamuƙi kuwa suka toge, sai da ruwa ya yi ƙarfi sosai suka motsa. Kogi ke nan yana rarraba dabba ɗaya gida uku, yana ajiye kowane kashi a wuri daban. Saboda haka in masani ya tarar da tarin muƙamuƙai da haƙora ba haƙarƙari, ya san ruwa ya yi gaba da sauran. In kuma ya ga dogayen ƙasusuwa duk sun fuskanci gefe ɗaya, ya san inda ruwan ya dosa.

Abu na biyu, kogi yana fifita 'yan gida. Dabbar da ke kwana cikin ruwa ko a bakinsa, a nan za ta mutu, yashi kuma na kusa. Shi ya sa Gadufawa ta cika da kifaye, har da dangin gaiwa, da kififiya, da kadoji iri-iri. Cikinsu akwai wanda aka sa wa suna Sarcosuchus a 1966, kadan da ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, tsawonsa kuma masana sun ƙiyasta tsakanin mita 9 zuwa 12. Akwai Suchomimus, ɗaya daga cikin dabbobin dā da ake kira dainoso, mai dogon baki irin na kada, mai kamun kifi, tsawonsa kusan mita 11. Duk masu zaman bakin ruwa ne. Dabbar da ke can nesa a kan tudu sai in ƙishirwa ko ambaliya ta kawo ta.

Abu na uku, kogi yana son mai tauri. Haƙori ya fi komai tauri a jikin dabba, sai sulken bayan kada da ɓawon kififiya. Waɗannan za su yi ta gungurawa cikin tsakuwa ba su narke ba. Ga misalin da zai nuna muku yadda hakan ke rufe wa masana ido. Akwai wani dainoso mai cin ciyawa da ake kira Nigersaurus, wato an sa masa sunan ƙasar Nijar. Tsawonsa kusan mita 9, bakinsa mai faɗi, da haƙora fiye da 500 jere a ciki. Yana cikin dabbobin da ƙasusuwansu suka fi yawa a Gadufawa, kuma Taquet ya ga guntayensa tun zuwansa na farko-farko. Amma ƙasusuwansa sirara ne ƙwarai, cike da ramukan iska, wasu sassan kansa har haske na ratsa su. Ruwa ya farfasa su ya watsar. Sai a 1999 aka samu abin da ya isa a raɗa masa suna, cikakkiyar siffar kansa kuma sai a 2007 aka bayyana ta. Dabba tana da yawa, amma ta ɓoyu shekaru masu yawa saboda kogin da ya binne ta bai dace da jikinta ba.

Haƙoran ma suna da nasu ruɗin. Ɗan Adam sau ɗaya yake famfara. Kada da dainoso kuwa har su mutu suna zubar da haƙori wani na tsirowa. Bincike ya nuna Nigersaurus yana sauya kowane haƙori kusan duk mako 2. Ka ga wanda ya tsinci haƙora ɗari ya ce dabbobi ɗari ya samu, ya yi kuskure babba, wataƙila bakin dabba ɗaya ne.

Kada mu zalunci kogi, wani lokaci yakan yi ajiya mai kyau. In gawa ta maƙale a tsibirin yashi ana tsakiyar ambaliya, yashi na iya rufe ta cikin kwana ɗaya. Irin wannan binnewa ta gaggawa ce ke ba mu dabba kusan cikakkiya, kamar Ouranosaurus, dainoso mai dogon tozo a baya, wanda Taquet ya raɗa wa suna a 1976. Wanda ya je Yamai ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama zai ga ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi na hamadar Nijar da idonsa.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu mu bar tsakiyar kogi mu hau fadama, mu nufi Ingal, garin da makiyaya ke haɗuwa duk ƙarshen damina don dabbobinsu su lashi gishiri. Dutsen da ke kewayen nan jar laka ce da ta daskare, mai laushin ƙwaya, kuma ta girmi yashin Gadufawa da shekaru miliyoyi masu yawa: ƙiyasin baya-bayan nan ya kai ta wajen shekara miliyan 165.

Duk manomin fadama ya san halin ambaliya. In kogi ya cika ya tumbatsa, ruwan da ya fantsama gefe ƙarfinsa raguwa yake. Ya bazu, ya tsaya, ya sauke lakar da ya ɗauko. Ruwan da ba shi da ƙarfin jan ƙashi, amma yana da lakar rufe shi, shi ne abin da gawa ke bukata. A irin wannan laka aka samu Afrovenator a 1993, dainoso mai cin nama wanda aka tono mafi yawan ƙwarangwal ɗinsa. A cikinta kuma aka samu Jobaria, mai dogon wuya da doguwar jela, tsawonsa kusan mita 18, wanda aka raɗa wa suna a 1999. An san kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasusuwan jikinsa, abin da ba kasafai ake samu ba a dabba mai wannan girma. A wuri guda an tarar da manya da ƙarami kwance kusa da juna, masu binciken kuma suka ce da alama ambaliya ɗaya ce ta binne su.

Sai dai fadama ma tana da sharrinta. Ambaliya ba kullum take zuwa ba. Dabbar da ta mutu jim kaɗan kafin ruwa ta tsira da ƙasusuwanta, wadda ta mutu bayan ruwa ya janye kuwa sai ta jira wata shekara a fili, ƙarƙashin rana da kofaton 'yan uwanta. Shi ya sa a dutsen fadama masani kan yi doguwar tafiya bai ga komai ba, sai kwatsam ya faɗa kan dabba sukutum. A yashin kogi kuwa guntaye ko'ina, cikakkiya jefi-jefi.

Masu sauraro, za mu ɗan dakata mu sha ruwa. In mun dawo, teku za mu shiga, kuma ba za mu bar ƙasar Hausa ba.

(Hutun rabin shiri)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda bai jima da kama mu ba, muna magana ne kan yadda wurin da dabba ta mutu ke zaɓar abin da zai saura na ƙasusuwanta.

Mutumin Sakkwato da ke fama da zafin bazara zai yi mamaki in aka ce masa garinsu ya taɓa zama gindin teku. Amma duwatsu sun shaida. Wajen shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi ya sha shigowa yana janyewa, ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya mamaye sassan Mali, Nijar da arewa maso yammacin Najeriya. Masana sun raɗa wa shimfiɗun duwatsun da ya bari sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Farin dutsen Kalambaina da ake haƙa ana yin siminti da shi, yawancinsa tarin ɓawon halittun wannan teku ne.

A shimfiɗar Dukamaje aka samu wani ƙaton ƙadangaren teku da masana daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, saboda a ƙasar Goronyo aka tono shi. A 1975 aka bayyana wani kadan ruwan gishiri da sunan Sokotosuchus. Akwai kunkuran ruwa, akwai kifaye, akwai haƙoran kifin shak bila adadin. Irin waɗannan duwatsu sun zarce har cikin jihar Tawa a Nijar, da irin waɗannan dabbobi.

Teku tana da hanyoyi biyu na ajiya. A can inda ruwa ya yi shiru, laka mai laushi ke sauka a hankali, ta rufe gawa ba tare da ta wargaza ta ba. A kusa da gaɓa kuwa igiyar ruwa da guguwa ne ke mulki. Su tayar da ƙasan teku, su kwashe laka mai sauƙi, su bar abu mai nauyi: haƙora, gaɓoɓin ƙashin baya, guntayen ɓawon kunkuru, har da kashin dabbobi da ya daskare ya zama dutse. Haka ake samun siririyar shimfiɗa maƙare da ƙasusuwa, irin wadda ke cikin duwatsun Dukamaje. Mai gani zai ɗauka wata annoba ce ta kashe dabbobi rana ɗaya. Alhali sau da yawa tarin dubban shekaru ne ruwa ya tattara wuri guda. Biyun da ke kwance kafaɗa da kafaɗa wataƙila ba su taɓa ganin juna ba. Shak kuma yana zubar da dubban haƙora a rayuwarsa, sauran jikinsa guringuntsi ne da ke ruɓewa. Shi ya sa haƙoransa suka cika wuri, gangar jikinsa kuwa ba a cika gani ba.

Wani zai tambaya: to a lokacin babu dainoso ne a kewayen Sakkwato? Akwai su a duniya lokacin da lakar Dukamaje ke kwanciya, kuma an tsinci 'yan guntayensu a irin waɗannan duwatsu. Ƙarancinsu bai nuna ba sa nan ba. Abin da ya nuna shi ne ba cikin teku suke zaune ba. Dabbar tudu takan kai teku ne in gawarta ta kumbura ta taso, kogi ya ɗauke ta ya fita da ita, tana tafe gaɓoɓi na zubewa ɗaya bayan ɗaya. Da wuya ta isa cikakkiya, ko da yake yakan faru: a 2011 masu haƙar ma'adinai a lardin Alberta na Kanada sun ci karo da wani dainoso mai sulke a cikin dutsen gindin teku, kwance rigingine, har da fatarsa.

(Kiɗa kaɗan)

Bari mu zaga duniya da sauri mu ga wasu wurare huɗu, kowanne da abin da ya zaɓa.

A Messel ta ƙasar Jamus akwai tsohon tafki mai zurfi a bakin dutse mai aman wuta, na shekara miliyan 47. Ruwan gindinsa ba ya motsi, babu iskar oksijin, don haka babu mai cin gawa a can. Abin da ya nutse ya tsira. An samu jemagu masu yawa da ragowar ƙwarin da suka ci a cikinsu, tsuntsaye da alamar gashinsu, da wata ƙaramar goɗiya da ɗa a cikinta. Abin da kogi zai niƙe, tafki ya adana.

A hamadar Gobi ta Mongoliya, rairayi ne ya riƙa rufto wa dabbobi farat ɗaya. A 1971 aka tono dainoso biyu maƙale da juna, mutuwa ta riske su suna tsakiyar faɗa. An kuma samu wasu kwance kan ƙwansu, da ɗaruruwan ƙoƙunan kan ƙadangaru da ƙananan dabbobi masu shayarwa. A can ƙananan ne suka fi samun gata.

A La Brea, cikin birnin Los Angeles na Amurka, kwalta ce ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa tun dubban shekaru. Kusan kashi 90 cikin 100 na manyan dabbobi masu shayarwa da aka tono a can masu cin nama ne, cikinsu har da wani irin kyarkeci da aka samu fiye da 4,000. Ko yaro ya san babu dajin da zakuna suka fi barewa yawa. Abin da ya faru shi ne dabba ɗaya ta maƙale tana kuka, mafarauta da yawa suka rugo cin banza, su ma suka maƙale. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na huɗu kogunan dutse na Afirka ta Kudu, kuma a nan ne darasin ya fi ɗaci. A shekarun 1950 wani shahararren masani, Raymond Dart, ya lura cewa a kogon Makapansgat muƙamuƙan barewa da wasu zaɓaɓɓun ƙasusuwa sun yi yawa fiye da kima. Sai ya yanke cewa halittu masu kama da mutum da suka rayu a wurin ne suka tara su don yin makamai. Daga baya wani masani, Charles Brain, ya je ƙauyukan makiyaya a Namibiya ya tattara ƙasusuwan awakin da mutane suka ci karnuka suka gwagwiya. Sai ga irin waɗannan sassa dai su ne suka rage, don kawai sun fi tauri. A kogon Swartkrans kuma ya nuna wani ƙoƙon kan yaro na waɗannan halittu mai huji biyu, waɗanda suka yi daidai da fiƙoƙin damisa. Waɗanda aka ɗauka mafarauta ne, ashe sau da yawa su aka farauta.

Saura waɗanda ba su bar komai ba. Dabbobin kan duwatsu ƙasarsu zaizayewa take yi. Na kurmi kuwa ƙasarsu mai tsami ce da danshi, tana narkar da ƙashi. Ku duba birin cimfanzi: an daɗe ana tono ƙasusuwan dabbobin dā a busassun kwaruruwan gabashin Afirka, amma sai a 2005 aka ba da sanarwar samun burbushinsa na farko, 'yan haƙora kawai, kusa da tafkin Baringo a Kenya. Haka ƙananan dabbobi a yashin kogi. Wani bincike na 2013 kan duwatsun Alberta ya nuna cewa dainoso da nauyinsu bai kai kilo 60 ba, ba a cika samun su cikakku ba, akasari sai haƙora da guntaye.

To yaya masana ke kauce wa ruɗi? Kafin su taɓa ƙashi, dutsen da ke riƙe da shi suke karantawa: yashi ne ko laka, ƙwayarsa manya ce ko ƙanana, shimfiɗarsa a miƙe take ko a karkace. Su zana taswirar yadda kowane ƙashi ya kwanta. Su duba ko ya tsage saboda rana, ko gefensa ya siɗe saboda mirginawa, ko akwai shaidar haƙori. Su wanke buhunan ƙasa su tace don kamo ƙananan ƙasusuwan da ido ke tsallakewa. In za su kwatanta zamani da zamani, sai su kwatanta kogi da kogi, teku da teku. Wanda ya ɗora Gadufawa kusa da Dukamaje ya ce dainoso sun ƙare tsakaninsu, kogi ya kwatanta da teku bai sani ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Makiyaya, masu haƙar rijiya, masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, ku kuka fi kowa cin karo da irin waɗannan ƙasusuwa. Duk abin da muka faɗa yau ya nuna cewa rabin labarin yana cikin ƙashin, rabi yana cikin ƙasar da ke kewaye da shi. Ƙashin da aka tumɓuke aka jefa a buhu aka kai kasuwa, ba wanda zai sake sanin ko kogi ne ya kawo shi ko teku, ko shi kaɗai yake ko da 'yan uwansa. Don haka in kun gani, ku bar shi inda yake. Ku ɗauki hoto da waya in da hali, ku sa wani abu a gefe don a gane girmansa, ku riƙe alamar wurin. Sannan ku sanar da mai gari ko hakimi, a kai labari gidan tarihi ko sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa. Kada ku sayar wa baƙon da ya zo da kuɗi a hannu, domin abin da ya fita ta wannan hanya da wuya 'ya'yanmu su sake ganinsa.

Malaman makaranta kuma, ga aikin da ba ya cin ko kwabo: bayan ruwan sama mai ƙarfi, ku kai ɗalibai bakin rafi su ga inda tsakuwa ta tsaya, inda yashi ya kwanta, da inda laka ta taru. Yaron da ya gane dalilin wannan rabo ya kama tushen ilimin da muka tattauna yau.

A nan za mu dasa aya. Masu tambaya ko ƙarin bayani, ƙofar shirin a buɗe take, ku aiko mana da saƙonninku.  

(Kiɗan rufe shiri)